Tsinken awon ranakun ɗaukar ciki: kullum layi biyu nike gani

Ƴar_Garkawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Don Allah waɗanda sunka san tsinken nan na fitsari da ake awon ranakun ɗaukar ciki da shi, ku taimaka min. Ba na awon ciki ba, ɗayan, wanda ake cewa shina gwada ranar da ƙwai zai fita. Wata ƙawata ce ta aiko min da kwali guda daga Yamai. Maigidana shina Abijan, shekara-shekara yake zowa gida, bana ya ce in sha Allahu zai iso Tawa kafin Sallar layya ya yi kamar wata biyu. Mun daɗe da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kuma maganganun dangi sun fara yawa. Na fara gwadawa tun yanzu don in san jikina kafin shi zo. To abin da ya ɗaure min kai, duk ranar da na tsoma sai in ga layi biyu, ɗaya ja sosai, ɗaya dishi-dishi. Ƙawata ta ce layi biyu ai shi ke nan. Ƙaƙa za a ce kullum ƙwai na fita? Ko tsinken ne ya lalace?

Maman_Ikram:
Wa alaikumus salam. Tsinkenki lafiya lau yake. Wannan ba a karanta shi yadda ake karanta na ciki. A na ciki, ko layin ya fito dishi-dishi an ce akwai. A wannan kuwa sai layi na biyu ya yi duhu daidai da na farko, ko ya fi shi. Muddin bai kai ba, ranar ba ta zo ba.

Sajfam_Ader:
Gaskiyar Maman Ikram. Bari in ƙara bayani don a san dalili. Tsinken ba ƙwai yake gani ba. Wani sinadari yake nema a cikin fitsari mai suna LH, wanda ake sakowa cikin jini daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Duk mace mai ganin al'ada tana da shi kaɗan-kaɗan a jikinta tun daga farkon wata har ƙarshensa, shi ya sa kike ganin wannan layin maras ƙarfi kullum. Idan ƙwai ya nuna, sai LH ya taso da ƙarfi lokaci guda. Wannan tasowar ce take sa ƙwan ya fita, galibi bayan awa 24 zuwa 36. Ranar tasowar ce za ki ga layin ya yi duhu.

Ƙwai idan ya fita, awa 12 zuwa 24 kawai yake yi da rai. Maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace yana jira. Saboda haka ranakun da ciki ke iya shiga kamar 6 ne a wata: kwana 5 kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Mafi ƙarfinsu su ne kwana biyun da ke gab da fitar da ita kanta ranar. Ke nan ranar da layi ya yi duhu da washegarinta ba a wasa da su.

Ƙanwata, faɗa min abu biyu. Kwana nawa kike yi daga farkon al'ada zuwa farkon ta gaba? Kuma wane lokaci kike tsomawa?

Ƴar_Garkawa:
Na gode Anti. Wani wata 30, wani 32, ya taɓa kai 33. Da asuba nike yi, fitsarin farko. Kuma da na yi wankan tsarki nike farawa.

Sajfam_Ader:
To kin ga inda tsinkenki ke ƙarewa ba dalili. Ga lissafin da yawancin kwalaye ke bayarwa: ki ɗauki wata mafi gajarta a cikin watanninki na baya, ki cire 17. Ke 30 ne, ki cire 17, saura 13. A rana ta 13 za ki fara, kina yi kullum har layin ya yi duhu, sai ki tsaya. Rana ta 1 ita ce ranar da jan jini ya zubo sosai, ba ranar ɗigo-ɗigon ba, ba kuma ranar wanka ba. Maganar da ake yi cewa kowace mace a rana ta 14 ƙwanta ke fita, ta mai kwana 28 ce, ita ma ba kullum ba. Abin da ya fi tsayawa wuri guda shi ne tsakanin fitar ƙwai da al'ada mai zuwa, kamar kwana 14. Mai kwana 32 ke nan wajen rana ta 18 za ta sa ido.

Batun lokaci, irin tsinken takardar nan an fi son a yi shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 8 na dare, lokaci guda kullum. Sau da yawa LH da sassafe yake tasowa a jini, sai bayan wasu awowi yake bayyana a fitsari. Ki rage shan ruwa kamar awa 2 kafin nan don kada fitsarin ya tsinke. Ki karanta a mintocin da takarda ta faɗa, galibi 5. Abin da ya fito bayan tsinken ya bushe ba a aiki da shi.

Tanti_Yantala:
Sajfam, ni kam nawa takardarsa cewa ta yi fitsarin farko na safe. Clearblue ne, mai ɗan allo da ke nuna fuska tana murmushi. Ban san ko na daɗe ina yi ba daidai ba.

Sajfam_Ader:
A'a Tanti, ki bi takardarki. Masu allon akwai waɗanda fitsarin safe suke so, domin ban da LH suna auna wani sinadarin kuma. Kowa ta karanta takardar da ke cikin kwalinta. Wadda tata ta zo da Ingilishi ko wani harshen da ba ta ji, ta ɗauki hoto ta turo, akwai masu fassarawa a nan.

Ummu_Ƙonni:
Ni abin da nike son in ƙara, zafi. Ku duba bayan kwali, za ku ga an rubuta kada a ajiye shi inda ya wuce digiri 30. Mu kuwa a watan Afirilu da Mayu ɗakin kwano shina wuce 40 da rana tsaka. Wanda anka saya wajen masu yawo da magani a faranti cikin kasuwa, ya wuni cikin rana, ya kwana cikin buhu, wa ya san halin da yake ciki? A saya a farmasi, a duba ranar ƙarewar aikinsa, kada a yage ledar sai lokacin tsomawa. Ni cikin kwalba mai murfi nike sa nawa, in ajiye ƙasa kusa da randa. Mai firigo tana iya sawa a ƙofa, ban da wajen ƙanƙara, ta fiddo shi ya huce kafin ta yi.

Maman_Ikram:
Kuma a ware masa ɗan kofi nasa daban, busasshe. Fitsari najasa ne, kada ya gamu da kayan kicin. Akwai zane a jikin tsinken, kada fitsari ya wuce shi.

Hajiya_Babba:
Ƴaƴana, ina ta karanta ku. Ni dai abin nan ba ya kwanta min. Mun haihu, iyayenmu sun haihu, ba wadda ta tsoma takarda a fitsari. Haihuwa ta Allah ce, ranar da ya nufa ko ba a ƙirga ba za ta zo. Abin da nake jiye muku shi ne yarinya ta maida rayuwarta duban layi, ta hana kanta barci, ta takura wa mijinta da yau ce yau ce. Namiji ba ya son haka. Na ga gidan da wannan lissafin ya sanyaya.

Ƴar_Garkawa:
Hajiya, Allah shi ƙara girma. Gaskiya ne ta Allah ce. Amma ni mijina ba ya gida. Wata biyu cikin sha biyu, ke nan dama biyu gare ni a shekara. In ya zo kuma ga gaishe-gaishe, ga zuwa ƙauye wajen iyaye, wani lokaci sati guda shina can. In ban san ranakun ba sai su wuce shina Illela ni ina nan.

Malama_Islamiyya:
Hajiya tana da gaskiya a kan takura, amma riƙon sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Annabi Zakariyya, Alaihis salam, ya roƙi Allah zuriya yana tsoho, addu'arsa tana cikin Suratul Anbiya, aya ta 89, ku riƙe ta. Kuma an umarce mu da neman magani. Mata tun asali suna ƙirga kwanakinsu saboda salla da azumi, wannan ɗin ƙari ne a kan abin da muka saba. Zuciya dai ta tsaya a kan cewa mai bayarwa Allah ne.

Hajiya_Babba:
To Malama, na ji. Ta matar matafiyi daban ce, ban yi tunanin wannan ba. Allah ya ba ki masu albarka, ƴata.

Sajfam_Ader:
Wannan magana ta Ƴar Garkawa ta tuna min abin da nake yawan faɗa wa matan ƴan cin rani, kuma a Ader ba su da iyaka, daga masu miji a Abijan sai Libiya sai Aljeriya. Mace za ta zo tana kuka ta ce shekara huɗu ba ciki. In muka ƙirga watannin da suka kwana ɗaki guda da mijin, sai mu ga ba su cika shekara ba. A likitance ana maganar matsalar haihuwa ne idan an yi wata 12 ana tare ba tare da tsarin iyali ba, ko wata 6 idan mace ta wuce shekara 35. Ko masu cikakkiyar lafiya, a kowane wata damar ba ta wuce kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar ba. Dangin miji shekarun aure suke ƙirgawa, ba sa cire watannin da ɗansu ba ya nan.

Amaryar_Koweit:
Ni tambayata daban ce, kada a yi min dariya. Mu biyu ne, kwana bibbiyu muke yi. Watan jiya layin ya yi duhu ranar da na fita girki. Na rasa yadda zan yi, na wuni ina hawaye. Ya halatta in roƙi maigida ya shigo wajena ko da rana ne?

Malama_Islamiyya:
Ba abin dariya a nan, ƙanwata. Kwanan abokiyar zamanki haƙƙinta ne, ba a ɗaukarsa a ɓoye, satar kwana zalunci ne ko da niyyar kirki aka yi. Amma mace tana da ikon ba da kwananta da yardarta. Uwar muminai Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta, wannan ya tabbata. Idan kuna zaman lafiya, a nemi musanya a fili, maigida ya sani, ita ma ta yarda, ki rama mata daga baya.

Ummu_Ƙonni:
Malama, a littafi haka ne, amma a gidajenmu? Ki je ki ce ma kishiya yau ƙwaina zai fita ki ba ni kwana? Kafin magariba unguwa duk ta ji. Ni ban ba ta wannan shawara.

Uwargida_Sabongari:
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni uwargida ce, ƴaƴana biyar, amaryata ba ta samu ba tukuna. Da kanta ta same ni a ɗaki ta faɗa min, na ce Allah ya sa a dace, muka yi musanya. Ba wanda ya ji. Abin da za ta haifa ƙanen ƴaƴana ne. Amma ke kika san wadda kike zaune da ita.

Sajfam_Ader:
Amarya, share hawayenki, lissafi yana wajenki. Ku biyu, kwana bibbiyu: duk yadda aka juya, a cikin ranakun nan 6 sai kin samu aƙalla dare 2. Ranar da layin ya yi duhu kika fita girki, ke nan darare biyun da suka gabata naki ne, kuma suna cikin masu kyau, tunda maniyyi yana jira. Mata da yawa suna ɗauka sai ranar layin kaɗai, ba haka ba ne. Ko ku uku ne dare 2 na nan. Inda abin ke iya kuɓucewa shi ne gidan mata huɗu, inda mace ke yin dare 6 a jere ba ta da girki. Nan ne maganar musanya ke da amfani sosai.

Amaryar_Koweit:
Wallahi kin sauke min nauyi. Allah ya saka.

Baƙuwa_Lazare:
Ina son in ja hankalin Ƴar Garkawa da sauran, don ba kowa tsinken nan ke yi wa aiki ba. Ni nawa layin duhu yake yi sosai, yau, gobe, jibi, wani lokaci sati guda a jere, alhali al'adata sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Ga ƙuraje a fuska, ga gashi yana fito min a haɓa. Da na je wajen lokotoron mata a nan Yamai aka yi ekografi, wato hoton ciki, da awon jini, aka ce SOPK ce, wata lalurar ma'ajiyar ƙwai da ke hana ƙwai fita kan lokaci. Ya ce masu wannan lalurar LH ɗinsu yakan zauna a sama, sai tsinke ya riƙa cewa e alhali ƙwai bai fita ba. Yanzu magani nake sha ƙarƙashin kulawarsa, da ekografi ake bin girman ƙwan. Duk wadda al'adarta ke tsallake watanni kada ta ɓata kuɗinta a kan tsinke, ta je a duba ta.

Tanti_Yantala:
Wane magani ne? Clomid? Wata maƙwabciyata ta ce in saya in sha kwana 5.

Sajfam_Ader:
Tanti, don girman Allah kada ki sha shi da shawarar maƙwabciya. Clomid maganin tayar da ƙwai ne ga wadda nata ba ya fita. Wadda hanyoyin mahaifarta ne suka toshe, ko matsalar tana wajen miji, ba abin da zai ƙara mata. Yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, yana ƙara yiwuwar tagwaye, kuma ba a son a wuce kamar wata 6 ana shansa. Yana ma rikita tsinken idan an gwada ana cikin sha ko an gama ke nan. Sauran abubuwan da ke sa layin ya yi duhu ba fitar ƙwai ba: allurar hCG da ake yi wa masu neman haihuwa, kusantar ɗaukewar al'ada, da shi kansa ciki. E, mai ciki in ta tsoma wannan tsinken yana iya nuna layi biyu masu duhu. Wadda al'adarta ta yi jinkiri ta ga haka, ta sayi na awon ciki.

Maman_Ikram:
Ni ina haɗawa da duban jikina. Idan ranakun sun matso za ki ga wani farin ruwa mai santsi yana zuwa, yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa. Da na gan shi nake fara tsomawa, kwali guda sai ya yi min watanni. Mata da yawa suna ɗauka sanyi ne su kama shan magani. In ba wari, ba ƙaiƙayi, ba launi, lafiya ce.

Ummu_Ƙonni:
Sai dai mai yawan matsi ba za ta gane shi ba. Kayan matan da ake cusawa suna busar da gaba, wasu har rauni suke yi. Mai neman ciki ta bar su cikin waɗannan kwanaki, in ta iya ma ta bar su gaba ɗaya.

Ƴar_Buza:
Ku yi haƙuri in kawo abin da ba a so a ji. Duk wannan awon mace ke yi. Ni shekaru na yi ina shan sassaƙe da rubutu, ba inda ba a kai ni ba, tsinke kuma kowane wata shina nuna ƙwaina lafiya. Uwar miji har ta fara neman mishi wata. Ranar da lokotoro ya ce shi ba zai ƙara rubuta min komi ba sai maigida ya zo, anka yi rigima a gida. Daga baya wani amininshi ya lallashe shi ya tahi. Anka auna maniyyi, anka iske ƙwayoyin sun yi kaɗan, akwai jijiyoyin da sunka kumbura a marainanshi. Anka yi mishi aiki. Yanzu ɗiyata tana rarrafe. Namiji shina iya kusantar iyali lafiya lau kuma matsalar tana wajenshi, abu biyu ne daban.

Sajfam_Ader:
Allah ya raya, Ƴar Buza. A cikin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, kusan rabi akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Awonsa kuma ya fi na mace sauƙi nesa ba kusa ba: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a labo. Idan sakamako bai yi kyau ba akan sake bayan kamar wata 3, domin zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro, yana iya rage ƙwayoyin na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wannan matsalar a rayuwarsa. A ƙasar da mace ke haihuwar yara 6 ko fiye, wadda ba ta samu ba gani take ita kaɗai ce.

Sabuwar_Uwa:
Ni akasin haka nake nema. Yarona wata 8, ba na son kwanika. In na sayi tsinken nan na riƙa kauce wa ranar da ya yi duhu, ya isa?

Maman_Ikram:
Bai isa ba sam. Karanta abin da Sajfam ta rubuta a sama. Kafin layin ya yi duhu maniyyin kwana 3 ko 4 da suka wuce yana nan yana jira. Ki je CSI, wato asibitin unguwa, a ba ki abin da ya dace da mai shayarwa.

Sajfam_Ader:
Haka ne. Mai son hanyar lissafi akwai carbin nan da ake bayarwa wajen tsarin iyali, wanda ake kauce wa rana ta 8 zuwa ta 19, amma na masu kwana 26 zuwa 32 ne da al'adarsu ta daidaita. Mai goyo ba ta cikinsu tukuna. Kuma shayarwa tana kare mace ne a wata 6 na farko kawai, in nono zalla take bayarwa kuma al'ada ba ta dawo ba. Ke kin wuce nan.

Tanti_Yantala:
Tunda ana maganar, gaskiya ne in aka sadu a ranar fitar ƙwai daidai namiji ake haifa? A wani zaure na gani.

Sajfam_Ader:
Ba gaskiya ba ne, an bincika ba a samu haka ba. Ƙwayar maniyyin da ta riga shiga ita ke sa a samu mace ko namiji, rana ba ta zaɓa.

Ƴar_Madawa:
Ni na daina allurar wata uku-uku tun bara, har yanzu layin bai taɓa yin duhu ba, al'ada ma sai ta ga dama. Hankalina ya tashi, an ce allurar tana kashe mahaifa.

Sajfam_Ader:
Ba ta kashe mahaifa. Sai dai ita ce ta fi kowace hanya jinkirin sakin jiki. Mata da yawa sai wajen wata 10 daga allurar ƙarshe suke samun ciki, wasu har su haura shekara. Ashanar hannu da ƙwayoyi ba sa wannan jinkirin. Ki bar tsinke har al'ada ta daidaita. In an wuce shekara daga allurar ƙarshe ba ta daidaita ba, ki zo a duba, akwai wasu dalilan da ake nema a jini.

Ƴar_Garkawa:
Ƴan uwa na dawo. Na bi lissafin Anti, na koma yi da azahar. Jiya, rana ta 17, layin ya yi duhu har ya fi ɗayan. Yau ya fara komawa. Ke nan lafiyata lau? In ya zo shi ke nan?

Baƙuwa_Lazare:
Alhamdu lillahi. Irin wannan, ya taso rana guda ya sauka, shi ake so a gani.

Sajfam_Ader:
Alama ce mai kyau ƙwarai, tare da al'adarki da ke zuwa kan lokaci. Amma kada in rufe ki. Tsinken ya shaida cewa jiki ya ba da umarnin sakin ƙwai. Bai shaida cewa ƙwan ya fita ba, bai san ko hanyoyin da zai bi a buɗe suke ba, bai san komai game da maigida ba. Mai son tabbaci akwai awon jini na progesterone, sinadarin da ke ƙaruwa in ƙwai ya fita, kamar kwana 7 bayan fitar ƙwai, ko ekografi. Hanyoyin mahaifa kuma da hoto na musamman ake duba su, ana yinsa bayan al'ada ta ɗauke kafin ranakun ƙwai. Ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, in ba a yi maganinsa da kyau ba, shi ne kan gaba wajen toshe su, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai. Wadda ta tashi tana wanka a tafki ko gulbi ta faɗa wa lokotoro, domin tsargiya ma tana taɓa mahaifa.

Shawarata, kada ki jira ya iso. Ki je wajen lokotoron mata a nan Tawa tun yanzu, ki tafi da takardar da kika rubuta ranakunki. In akwai awon da sai Yamai, su za su tura ki, Matarniti Issaka Gazobi ita ce babbar cibiyar mata ta ƙasa. Ki fara shan bitamin ɗin da ake kira folik asid, mikrogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga ake farawa saboda lafiyar ƙashin bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa. In ya zo, daga rana ta 12 zuwa ta 19 a riƙa kusantar juna kullum ko bayan kwana ɗaya-ɗaya, ba sai an jira layi ba. Tafiyar ƙauye a sa ta a wasu ranakun, ko ki bi shi.

Ƴar_Garkawa:
In sha Allahu zan tahi ranar Litinin. Abin da ya rage min shi ne maganar awonshi. Ban san ta inda zan ɓullo mishi ba. In faɗa a waya tun shina can, ko in bari ya zo?

Ƴar_Buza:
Kada ki faɗa a waya. Shina cikin abokai a ɗaki guda, ranshi zai ɓaci, ya kashe waya ya bar ki da tunani. Ki bari ya huta kwana biyu. Kuma kada ta fito daga bakinki, ki ce lokotoro ya ce ku zo tare, shi ya faɗa mishi.

Tanti_Yantala:
Ni kuwa gani nake gara ya yi a Abijan tun kafin ya taso. Can ba wanda ya san shi, ba zai ji kunyar a gan shi a bakin labo ba. A Tawa kafin ya fito an kai wa mahaifiyarsa labari. Kuma in akwai magani, ya fara tun can, wata biyun ba za su tafi a banza ba.

Hajiya_Babba:
Ku tambayi yarinyar halin mijinta tukuna. Wani a waya ya fi sauƙin kai, wani sai an zauna. Ƴata, yana da wani babba da yake jin maganarsa, wanda kuma zai iya riƙe sirri?

Ƴar_Garkawa:
Akwai yayanshi da suke tare can, shi ya kai shi Abijan ɗin. Matarshi muna shiri sosai. Amma ban sani ba ko in sa su ciki, kada ya ce na tona mishi asiri tun ba a auna ba.

Uwargida_Sabongari:
Kada ki sa kowa yanzu. Ki fara yin naki awon, ki tura masa hoton takardun ya ga kin yi. In ya tambaya saura me, sai ki ce lokotoro ya ce saura nasa. Yayan ki ajiye shi sai in ya ƙi.